Babi na Bakwai: Funfuna a Cikin Sif

A ƙasar Hausa ƙura ce ta koya mana ajiyar kaya. Tun daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba har zuwa faɗuwarsa a Mayu ko Yuni, abin da uwargida ke fama da shi shi ne ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da ta kafar taga, ta kwanta a kan komai. Don haka hannunmu ya saba da rufi. A ninke tufafi a sa a leda, a sa ledar a akwati, a zuge, a tura ƙarƙashin gado, a rufe taga, a saki labule. Wannan dabara ce mai kyau a hunturu, lokacin da danshin iska a Kano ko Katsina ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, wankin farko ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe. Amma da zarar marka ta kankama a watan Agusta, iska ta cika da ruwa, ita wannan dabarar ce ke cin kayanmu.

Ba a gane ɓarnar sai ranar da ake bukatar kayan. Ɗaurin aure ya taso, maigida ya ce a ɗauko masa farar shaddar nan, a buɗe sif wari ya bugi hanci, a warware babbar riga a tarar baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun bi ninkin tun daga wuya har aljihu. Takalmin fata ya yi fari fat. Akwatin lefen da aka yi shekara ana tattalinsa, atamfar da ke can ƙasa ta yi dabbare-dabbare tun ba a kai ta wurin tela ba. Sai a shiga neman mai laifi: mai wanki, ko 'yar aiki, ko a ce matar gida ce ba ta da tsafta. Wannan zargi na ƙarshe yana yi mini ciwo, domin zalunci ne. Funfuna tana kama ɗakin da ake gogewa safe da yamma kamar yadda take kama wanda ba a sharewa. Abin da take nunawa kawai shi ne akwai ruwa a wurin da iska ba ta ratsawa.

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza da yistin da ake kwaɓa burodi da shi. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma suna yawo cikin iska a ko'ina. Babu sharar da za ta raba ɗaki da su. Sukan sauka a kan tufafi su yi wata da watanni ba su motsa ba, sai ranar da suka sami laima. A nan ne za su tsiro, su miƙa wasu siraran zaruruwa cikin saƙar yadi, su fara ci. Abin da ido ke gani, fari-fari ko kore-kore ko baƙi, kan abin ne kawai, jikin yana can ciki. Shi ya sa ake gogewa da tsumma yau, bayan mako guda ta dawo. Nau'o'inta suna da yawa. Daga ɗaya daga cikinsu ne, Penicillium, Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a birnin Landan a 1928. Wani kuma, Aspergillus flavus, shi ne ke sa guba a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi.

Abu uku take bukata: abinci, ɗumi da ruwa. Abinci kam sif cike yake da shi, domin auduga da fata da takarda da katako da gam duk cimarta ne, balle a haɗa mata da sitaci da gumi da maiƙon jiki. Ɗumin da ta fi so shi ne tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyos, wato ɗumin ɗakunanmu a damina. Waɗannan biyun ba mu da yadda za mu yi da su. Ruwa ne kaɗai ke hannunmu. Idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100, funfuna ta sami gida. Idan aka riƙe shi ƙasa da kashi 60, ba ta iya yin komai. Tufar da ta jiƙe kuwa, awa 24 zuwa 48 sun isa a fara tsiro a kanta. Saboda haka tambayar farko ga duk wanda ya buɗe sif ya ji wannan wari ita ce: ta ina ruwan ke zuwa?

Hanyoyin ruwa

Akwai wanda ke tasowa daga ƙasa. Bulo da filasta suna tsotsar ruwa, yana hawa cikin bango a hankali har ya kai kusan mita ɗaya. Alamarsa ba ta ɓuya: fenti yana kumbura yana ɓarewa daga gindin bango, ga wani layi mai duhu da ya zagaye ɗaki a tsayi ɗaya, ga farin gari yana fitowa. Wannan farin garin sau da yawa gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko ya bari. Murza shi da yatsa: idan ya dagargaje, kuma ya narke a ruwa, gishiri ne, funfuna takan yi laushi ta shafe a hannu, ga kuma warinta. Maganin wannan ruwa tun a wajen gini ake yin sa, lokacin da magina ke zuba abin da suke kira jaman fulo, a shimfiɗa leda mai kauri a tsakanin tushe da bango, kuma daɓen ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6. Mutane da yawa a nan suke rage kuɗi, su ce ai ba a gani. Gaskiya ne ba a gani, sai bayan damina biyu ko uku. A tsofaffin unguwanni kuma matsalar daban ce: an yi ta ciko ana ɗaga titi da lungu har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Ga kuma gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, ko a fadama. Mai irin wannan gida, duk sif ɗin da ya jingina da bango zai ci gaba da shan ruwa komai tsadarsa.

Akwai wanda ke zuwa daga sama ko daga gefe. Ƙusa ɗaya da ta saki a kwano ta isa ta riƙa ɗiga a kan silin, ruwan ya gangaro ta bayan sif inda ba mai leƙawa. Indararon da ya toshe ko ya yi gajere yana zubar da ruwan rufi gaba ɗaya a jikin bango. Kuma a ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ya fi shan duka. Tsaga kaɗan a filastarsa ta wadatar. Amma abin da ya fi yawa a gine-ginen yanzu shi ne banɗakin cikin ɗaki. An yi ɗaki ƙarami, bango ɗaya na gado ne, ɗaya na taga, ɗaya na ƙofa, sai a manna sif a bangon da ya rage, wato na banɗaki. A cikin wannan bango bututun ruwa ke bi, a bayansa kuma ake wanka sau biyu ko uku a rana. Mahaɗar bututu ta ɗan saki, ko simintin da ke tsakanin tayil ya zaizaye, shi ke nan. Idan ka ga bangon bayan sif yana da laima har a watan Janairu, kada ka zargi damina, nemi mai gyaran famfo.

Na uku shi ne wanda ya fi wuyar fahimta, domin babu yoyo ko ɗaya. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A digiri 30, kowace mita ɗaya ta kowane gefe ta iska tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa kusan giram 17 kawai. Idan iskar da ta cika da ruwa ta taɓa wuri mai sanyi, sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firji. Bangon da ke bayan sif da daɓen da ke ƙarƙashin akwati su ne wuraren da suka fi sanyi a ɗaki, kuma iska ba ta kaiwa can ta busar da su. Ko ba a kai ga ganin ɗigon ruwa ba, danshin da ke wannan lungu ya fi na tsakiyar ɗaki nesa ba kusa ba. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila, inda dare ke yin sanyi sosai a damina, sun fi kowa sanin wannan.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabewa. Yanki leda mai faɗin tafin hannu biyu, manna ta a bangon da ake zargi, ka liƙe gefenta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. Idan ruwa ya taru a fuskar da ke kallon bango, daga cikin bango yake fitowa, aikin magini ne ko mai famfo. Idan a fuskar da ke kallon ɗaki ya taru, daga iska yake, aikin taga ne da fanka.

Ya kamata a yi wa ginin kakanninmu adalci a nan. Ginin ƙasa yana da nasa aibin, kowa ya san yadda gidaje ke rushewa a marka. Amma bangon ƙasa yana shan danshin ɗaki idan ya yi yawa, ya sake shi idan iska ta bushe. Magina suna kare shi daga waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Suna sa indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da bango. Kuma kowace shekara ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Tufafin yau da kullum a kan igiya ko gora suke a rataye, iska na kaɗa su. Mu kuma muka zo da siminti da fentin mai, muka toshe kowace kafa, sannan muka kafa akwatin katako daga daɓe har silin muka manna shi da bango.

Sif ɗin zamani shi kansa yana da hannu a wannan ɓarna. Yawancinsu da katakon MDF ake yi, wato garin katako da aka matse da gam. Fuskarsa tana sheƙi, amma gefensa da bayansa a buɗe suke, kuma da ya sha ruwa zai kumbura ya dagargaje, ba ya komawa yadda yake. Idan za ki ba da aikin sif, Hajiya, ki zauna da kafinta tun kafin ya yanka katako. Ki ce masa ya bar tazarar faɗin tafin hannu tsakanin bayan sif da bango, ya yi masa ƙafafu yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsa, ya huda 'yan ramuka a sama da ƙasa ya sa musu raga saboda kyankyaso, ya kuma shafe bayan katakon da fenti ko banish kamar yadda ya shafe gaban. Zai iya cewa, "Hajiya, ai ba haka ake yayi ba." Ki ce masa haka kike so. Sannan ga batun jere. Sabon gini yana ɗauke da ruwa mai yawa a cikin bulo da filasta da daɓe, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya fitar da shi. Amma biki ya matso, an gama filasta wancan mako, an yi fenti shekaranjiya, yau dangin amarya sun zo jere. Aka kafa sif, aka cika shi da lefe, aka rufe ɗaki aka fesa turare. Duk ruwan da bangon nan zai fitar, a cikin kayan yarinyar nan zai sauka. Idan ba yadda za a yi a ɗaga jeren, to a janye kayan katako daga bango, a bar tagogi a buɗe da rana, kuma amarya ta riƙa fitar da akwatunanta tana shanyawa a wannan shekarar ta farko.

Ruwan da muke kaiwa da hannunmu

Ko da gini ba shi da aibi, mu da kanmu mukan kai ruwa cikin sif. Dubi tafiyar shadda daga hannun mai wanki da guga. An sa mata sitaci, wanda garin rogo ne, abinci tsantsa. An yayyafa mata ruwa don guga ta kama. An ninke ta da ɗuminta, an zura a leda, an ƙulle. A ido ta bushe, amma wurin aiki mai kauri, irin aska takwas ko surfanin wuya, yana riƙe da laima a cikinsa. Maigida ya karɓa ya jefa a sif da ledarta, sai wata Sallar. Ba laifin mai guga ba ne, shi ledar ya sa ta ne don kada ƙurar hanya ta ɓata aikinsa. Aikin mai kaya ne idan an kawo ya cire ledar, ya buɗe ninkin, ya bar tufar ta sha iska na 'yan awanni kafin ya ajiye. Shaddar da za a daɗe ba a sa ba kuwa, gara a ajiye ta a wanke ba sitaci, a sa mata idan lokacin sawa ya zo. Idan ana son rufi saboda ƙura, tsohon zanin gado na auduga ya fi leda, domin yana barin iska ta wuce.

Haka rigar da aka sa aka je Juma'a, aka dawo aka ce ai sau ɗaya aka sa, aka mayar da ita cikin wankakku da guminta. Haka takalmin da aka taka ruwa da shi. Haka wankin marka da aka shanya a cikin ɗaki an rufe ƙofa: ruwan da ya bar tufafin bai tafi ko'ina ba, yana nan cikin iskar ɗakin. Sai kuma cushe. Sif ɗin da sai an danna ƙofa da kafaɗa kafin ta rufu, babu iskar da za ta ratsa shi. A nan maganin yana da daɗi ma: abin da aka yi shekara biyu ba a sa ba, akwai masu bukatarsa a dangi da maƙwabta.

Littattafai da takardu sun fi tufafi ban tausayi, domin ba a wanke su. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka mamaye Timbuktu a ƙasar Mali, Abdel Kader Haidara da sauran masu kula da ɗakunan karatu na gado sun yi ta kwashe tsofaffin rubuce-rubucen hannu a ɓoye, dubbai a kan dubbai, cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa a kogin Neja, zuwa Bamako. Takardun sun tsira daga wuta. Amma busasshiyar iskar bakin Sahara ce ta raya su ɗaruruwan shekaru, Bamako kuwa tana da damina mai nauyi. Sai ga shi an gudu ba a tsira ba: danshi ya zama sabuwar barazana, har sai da aka nemo na'urorin tsotse danshi, aka fitar da takardun daga akwatunan, aka yi musu mazubai na musamman. Ina kawo wannan ne saboda gidajen malamanmu. Akwai littattafan kakanni a cikin gafaka, a cikin adaka, a ƙuryar ɗakin da ba a buɗewa, kuma ana ganin rufewar ita ce girmamawa. Adakar ƙarfe tana hana ɓera da gara, amma duk danshin da aka rufe ta da shi yana nan ciki. A ɗaga ta daga daɓe a kan katako, a nisanta ta da bango, a riƙa buɗe ta a ranar da gari ya bushe. Haka ma takardar fili da takardun makaranta da hotunan iyaye.

Turare da kafur

Idan sif ya fara wari, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne turaren wuta. Ba na ƙin turare. Tufar da aka ɗora a kabbasa ta sha hayaƙi abin so ce. Amma turare wari yake rufewa, funfuna na nan tana cinta a ƙarƙashin ƙamshi, kuma an kashe ƙararrawar da ke gaya wa mutum akwai matsala. Wasu har kaskon garwashi suke sawa a cikin sif su rufe, wai ya busar da shi. Ina roƙo a daina. Gobara ce ake gayyata, kuma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mara wari wadda ke kashe mutum yana barci.

Kafur kuma, waɗannan fararen ƙwallaye da ake sayarwa a leda, an yi su ne don korar ƙwarin da ke cin tufafi. Ba sa shan ruwa ko kaɗan. Yawancinsu sinadarin naftalin ne, kuma yana da haɗarin da ya kamata kowace uwa ta sani. Akwai wata larura ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da ke da ita, idan aka sa masa tufafi ko aka naɗe shi da zanin da aka adana da kafur, jajayen ƙwayoyin jininsa kan farfashe, shawara mai tsanani ta kama shi, idanu da jiki su yi rawaya, kuma tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da wannan larura ba sai abin ya faru. Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallayen naftalin tun 2008. A nan kuwa a cikin akwatin kayan haihuwa ake fara zuba su. Kada kafur ya kusanci kayan jariri ko zanin goyo.

Ita ma funfunar ba tufafi kaɗai take ci ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari, da shaƙewar numfashi, da tashin asma. A Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce sanadi. A wurinmu akwai ƙarin dalilin kula: wanda ya taɓa yin tarin fuka, wato tibi, huhunsa kan bar ramuka bayan warkewa, kuma Aspergillus na iya zama a cikinsu. Shi da mai asma da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada a sa su aikin share funfuna, kada ma su tsaya a wurin.

Idan ta riga ta kama

A zaɓi ranar da rana ta fito. A ɗaura takunkumi, a fitar da komai tsakar gida. Kakkaɓewa da buroshi a waje ake yi. Wanda ya kakkaɓe a ɗaki ya shuka iri ne a kan katifa da labule. Abin da ke jure ruwan zafi a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Tufafi masu launi a juya bayansu, domin rana tana kashe rini. Farar auduga mai tabo, ruwan lemon tsami da gishiri da zafin rana sukan rage shi, ruwan bilic kuma ya fi ƙarfi, amma yana cin launi, yana kuma lalata alharini da ulu. Gaskiyar magana, tabon da ya daɗe har zaren ya ruɓe ba ya fita, kuma gara a faɗa wa mai kaya haka da a yi ta ɓata masa kuɗi.

Fata ba ta son wanki, ba ta son rana mai zafi. A goge ta da tsumman da aka tsoma a sifirit da ruwa rabi da rabi, bayan an gwada a wani ɓoyayyen gefe, a bar ta ta bushe a inuwa mai iska, sannan a sa mata mai. Littafi kuwa kada a goge shi yana da laima, funfunar za ta shige cikin takarda. A tsayar da shi a buɗe a inuwa, fanka na kaɗa shi, sai ya bushe sarai sannan a share da buroshi mai laushi.

Shi kansa sif ɗin a janye shi daga bango, a wanke ciki da baya da ruwan sabulu, a bi da ruwan khal. Bango da tayil a iya amfani da bilic, kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, taga a buɗe. Kada a taɓa haɗa bilic da khal ko da maganin wanke masai; haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Katakon da ya riga ya kumbura a cire shi a sa sabo. Kada a mayar da ko ɗankwali ɗaya sai ciki ya bushe ƙarau. Kuma kada a shafa fenti a kan bango mai laima, zai ɓare, funfuna ta fito ta cikinsa.

Ana yawan tambaya game da gawayi da shinkafa da gishiri. Gawayi yana rage wari, yana shan ɗan danshi kaɗan, kuma ba ya cutarwa idan an ƙulle shi a tsumma. Gishiri ba ya fara jan ruwa sosai sai danshi ya kai wajen kashi 75, wato bayan funfuna ta riga ta sami abin da take so. Shinkafa kuwa ƙwari za ta tara. 'Yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi da jaka sun fi su duka, kuma idan sun cika ana gasa su a wuta mara ƙarfi su dawo aiki. Amma amfaninsu a rufaffen akwati ne, ba a sif mai ƙofa uku ba. Akwai kuma robobin tsotse danshi masu sinadarin kalsiyam kulorayid, waɗanda ruwa ke taruwa a gindinsu. Suna aiki, sai dai a nisanta su da yara, kuma ruwan yana ɓata fata. Na'urar tsotse danshi da na'urar sanyaya ɗaki su ne suka fi, ga mai wuta da hali. Duk waɗannan taimako ne kawai, babu wanda zai iya da bangon da ke yoyo.

Abin da ya fi araha shi ne sanin lokacin buɗe taga. Danshin iska ya fi yawa da asuba da kuma lokacin da ake ruwa, ya fi sauka tsakanin azahar da la'asar idan rana ta fito. To a wannan lokacin ne za a buɗe tagogi da ƙofofin sif da durowa gaba ɗaya, a kunna fanka idan akwai wuta. Ana sayar da ƙaramin ma'aunin danshi mai batir. A ajiye shi a cikin sif, shi zai faɗi gaskiya kafin hanci ya ji. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, da Nima a Akara, da zangon Kumasi, su ba su da hunturun da zai zo ya busar musu da kaya kamar namu, don haka wannan aiki nasu na kusan duk shekara ne. Wanda aiki ko kasuwanci ya mayar da shi can daga Arewa, ya bar ɗabi'ar leda da ƙulli a tasha.

Saura ɗan haya. Idan kana neman gida, sabon fenti kada ya ruɗe ka. Duba gindin bango, shafa bangon banɗaki ta waje, buɗe sif ɗin da aka gina a jiki ka sansana, ka kuma tambayi maƙwabta yadda unguwar take a watan Agusta. Idan kana ciki matsalar ta bayyana, ɗauki hoto, ka kira mai gida ya gani da idonsa, kuma kada ka yarda a tsaya a fenti: a gyara kwano, ko bututu, ko magudanar da ke kwantar da ruwa a gindin bango. Masu gidaje kuma su ji tsoron Allah, lafiyar 'ya'yan mutane ce a cikin ɗakunan nan. Idan akwai jariri ko mai asma da ke kwana a ɗakin da ke wannan wari, a sauya masa wurin kwana tun daren yau, kada a jira zuwan magini.